Kundin aiki: taswirar bit da ta haura biliyan biyu a kanel ɗin Linux

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Wasu 'yan layuka a cikin `include/linux/kvm_host.h` ne suka jawo ni wannan aiki. Akwai wata lamba a wurin mai suna `KVM_MEM_MAX_NR_PAGES`, an tsayar da ita a kan 2,147,483,647, wato 2^31 ba ɗaya. A samanta an rubuta cewa wasu daga cikin ayyukan sarrafa bit ba sa iya ɗaukar taswira mai tsawo sosai, don haka kada a wuce nan. Waɗanne ne daga ciki, ba a faɗa ba. Tun 2010 wannan gargaɗi yake zaune, kuma ina so in san ko har yau yana kan gaskiyarsa, in kuwa haka ne, a ina ainihin cikas ɗin yake.

Ga wanda bai saba da harkar ba, taswirar bit jerin sifili da ɗaya ce, kowane bit yana tsaye a madadin abu guda. KVM, sashen kanel (zuciyar tsarin Linux) da ke saukar da kwamfutocin baƙi a cikin kwamfuta ta gaske, yana dogara da ita lokacin ƙaura. Idan za a ɗauke baƙo daga wannan saba zuwa waccan ba tare da an kashe shi ba, ana kwafe ma'adanarsa, wato RAM ɗinsa, shafi-shafi yana tsaka da aiki. Duk shafin da ya sake taɓawa bayan an kwafe, sai a kunna bit ɗinsa, a dawo a sake tura shi. In bit ɗaya ya ɓata, shafi ɗaya zai isa can da tsohon abin da ke cikinsa, kuma babu wanda zai sani sai ranar da lissafin wani ya fito ba daidai ba. Wannan ne ya sa nake ɗaukar abin da muhimmanci.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Shafi ɗaya KiB 4 ne, shafi 2^31 ya zama TiB 8. Ke nan gurbin ma'adana guda a KVM, wato yankin da ake ba baƙo a dunƙule, ba zai cika TiB 8 ba, taswirarsa kuma ba za ta wuce MiB 256 ba. Masu QEMU, shirin da ke gudanar da baƙi a kan KVM, sun san da wannan katanga. A ɓangaren s390x, wato manyan injinan IBM, sun rubuta a fili cewa saboda ayyukan bit suna karɓar `int` (lamba mai bit 32 da ba ta wuce 2^31 ba ɗaya) a matsayin lambar wuri, suna yanka ma'adana a kowane TB 4.

Zan ɗora aikin a kan kanel 6.12. Kayan aikina kwamfutar cinya mai RAM GiB 16, da dare bayan isha, da ƙarshen mako.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yini guda na yi ina karanta kanun ayyuka kawai, ina rubuta nau'in lambar da kowanne yake karɓa a takarda. Abin da ya fito ya fi yadda na zata rikicewa.

A x86, `set_bit` da danginsa `long` suke karɓa, wato lamba mai bit 64. H. Peter Anvin ne ya faɗaɗa su a 2013, yana mai cewa an riga an fara ganin matsala a injinan da ke da fiye da TiB 16 a kulli guda. Ya bar su masu alama da gangan, domin umarnin `bts` na Intel da kansa yana kallon lambar a matsayin mai iya zuwa ƙasa da sifili: ka ba shi lamba ƙasa da sifili, ya koma baya da adireshin da ka nuna masa ya kunna bit a can. Wannan ɗabi'a ta `bts` ita ce abin riƙewa a rai, don komai zai dawo kanta.

Masu nema, irin su `find_next_bit`, `unsigned long` suke karɓa, wato marar alama, ba su da matsala. Dangin `bitmap_`, su `bitmap_set` da `bitmap_weight` da `bitmap_zero`, duk `unsigned int` ne tsawonsu, iyakarsu 4,294,967,295. Sai `include/asm-generic/bitops/le.h`, inda `set_bit_le` da `test_bit_le` da sauran ke karɓar `int` tsura. Da na koma `mark_page_dirty_in_slot` a KVM, ashe `set_bit_le` ɗin nan yake kira.

Dalilin da ya sa aka daɗe ba wanda ya damu ma a bayyane yake. Manyan masu amfani da `le.h` tsarin fayil ne irin su ext4, kuma taswirar ext4 tubali ɗaya ce, bit 32,768 a tubali mai KiB 4. Har abada ba za ta je kusa da biliyan biyu ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Na rubuta ɗan gwaji da za a loda wa kanel. Tun wajen samo wurin ajiye taswirar aka fara tuntuɓe. `bitmap_zalloc` ta hanyar `kmalloc` yake bi, shi kuma `kmalloc` a x86 ba ya ba da fiye da MiB 4 a dunƙule, bit 33,554,432 ke nan. Wanda duk ke da babbar taswira dole ya bi ta `vmalloc`, kamar yadda KVM ke yi. Na ɗauki GiB 1 da `vzalloc`, bit 2^33, ya ishe ni in tsallake katangu biyun, ta 2^31 da ta 2^32.

Ban loda shi a kan kwamfutar kai tsaye ba, cikin QEMU na sa shi, na buɗe tagar saƙonnin kanel a gefe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, sanyin hunturu ya sa na rufe tagogin ɗaki, na kira `set_bit` a kan bit na 2,147,483,648. Ya kunnu, `test_bit` ya gan shi. Na share, na kira `set_bit_le` a kan lamba ɗaya tak da waccan. Allon ya cika da rubutu nan take, kanel yana cewa ya kasa warware kuskuren shafi a wani adireshi. Na kwafe adireshin, na ɗebe shi daga farkon taswirata da hannu a kan takarda: 0x10000000. MiB 256 cif, a baya.

Haka lissafin ya ce dama. Lambar ta shiga `int` ta koma ƙasa da sifili da 2^31, aka faɗaɗa ta zuwa `long` da alamarta, `bts` ya raba ta takwas ya ja da baya bayit 2^28. Amma sanin abu a takarda daban, ganinsa a allo daban. Na daɗe ina kallon adireshin nan kafin in kwanta.

Asabar, 18 ga Janairu

Faɗuwar da kanel ya yi ranar Laraba sa'a ce. Ya faɗi ne saboda wurin da aka rubuta babu komai a cikinsa. Yankin `vmalloc` unguwa ce mai jama'a da yawa, kuma tun 4.9 har tarin da kowane zare na kanel ke ajiye bayanan kiransa a can yake zaune. Shafin tsaro da `vmalloc` ke bari tsakanin maƙwabta KiB 4 ne kawai, wanda ya yi tsallen MiB 256 ba zai ma san da shi ba. Da a ce akwai mai gida a wannan adireshi, da bit ɗaya ya juye a cikin kayansa shiru.

Gwajin da ke kashe kanel duk lokacin da ya kama laifi ba ya da amfani ga mai son maimaitawa. Sai na sauya dabara: na ɗauki GiB 1 da MiB 256, na miƙa wa ayyukan adireshin da ya fara daga bayan MiB 256 ɗin farko. Filin da ke baya ya zama nawa, shinge ne da na kewaye da kaina. Bayan kowane kira sai in bi shingen da `memchr_inv` in ga ko akwai bayit ɗin da ba sifili ba. Yanzu gwajin yana faɗa mini wane aiki ne ya yi ɓarna, kuma a wane bayit, ba tare da ya faɗi ba.

Abu ɗaya na kiyaye: lambobin gwajin ba na rubuta su kai tsaye a wurin kira. Idan maharhaɗi, wato shirin da ke mayar da rubutun zuwa umarnin inji, ya san lambar tun kafin a fara aiki, kanel yana bin wata gajeriyar hanya daban, ni kuwa hanyar da KVM ke bi nake son gwadawa.

Talata, 21 ga Janairu

Faci na farko, wato gyaran farko da zan tura wa masu kula da kanel, ya kammala: duk `int nr` da ke `le.h` sun koma `unsigned long nr`. Shingen ya fito fes. Na harhaɗa wa i386 da arm mai bit 32, inda `unsigned long` ɗin ma bit 32 ne, faɗin bai canza ba. Na gwada s390x a QEMU saboda shi yana jera bayit ne daga babba zuwa ƙarami, kuma a can `BITOP_LE_SWIZZLE` 56 ne ba sifili ba. Lafiya lau.

6.13 ya fito ranar Lahadi. Na ɗora facin a kansa, ya hau ba gardama.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau na yi kuskuren da ya cinye mini rabin yini, kuma ya kamata in rubuta shi dalla-dalla don duk wanda ya zo yin wannan aiki zai iya faɗawa ramin.

`bitmap_set` na waje `unsigned int` yake karɓa, amma na ciki, `__bitmap_set` a `lib/bitmap.c`, tsawonsa `int len` ne. Na gwada shi da tsawon bit 3,221,225,472. Kalma ɗaya tak ya cika, bit 64 na farko, ya dawo kamar ya gama aikinsa. Babu saƙo, babu faɗuwa.

Wannan ya shafi KVM kai tsaye. Akwai wani tsari, `KVM_DIRTY_LOG_INITIALLY_SET`, inda ake kunna dukkan bit tun farko maimakon a tsaya kulle kowane shafi a lokaci guda, kuma da `bitmap_set` ake kunna su, daga sifili zuwa yawan shafukan gurbin. Daga baya, in QEMU ya zo sharewa, shafukan da aka tarar bit ɗinsu a kunne su kaɗai ake sa wa ido. To in 64 ne kawai suka kunnu, sauran biliyoyin shafukan ba mai lura da su, baƙo zai yi ta rubutu a kansu ba tare da an sani ba. Wannan ta fi ta `set_bit_le` ba ni tsoro, don waccan aƙalla tana iya kayar da kanel a gane.

Na yi gaggawa na mayar da `len` zuwa `unsigned long` kamar yadda na yi a `le.h`, na harhaɗa, na loda. Baƙon ya mutu murus. Da na natsu na karanta cikin aikin sai na ga dalili: sharaɗin zagayen shi ne `len - bits_to_set >= 0`. An rubuta shi ne da niyyar ragowar za ta iya zuwa ƙasa da sifili a tsaya. Lamba marar alama kuwa ba ta taɓa zuwa ƙasa da sifili, don haka zagayen bai da ranar tsayawa. Ya cika taswirar, ya wuce ƙarshenta, sai da ya ci karo da shafin tsaro. Wanda ya bar `int` a wurin yana sane ya bar shi. Na sake rubuta sharaɗin ya zama `len >= bits_to_set`, duka biyun marasa alama, haka ma a `__bitmap_clear` da ke da gini iri ɗaya. Akwai kuma `size`, jimlar `start` da `len`, shi ma na faɗaɗa shi.

Daga yau ba na sake canza nau'in wata lamba sai na karanta duk layin da ya taɓa ta.

Litinin, 27 ga Janairu

A arm64 abin ya zo da wani salo. Na cire facina na loda gwajin don in ga ɓarnar asali, sai `set_bit_le` ya kunna bit na 2^31 daidai, shinge fes. Na ɗauka gwajin ne ya lalace.

Ashe arm64 ba ya da nasa `set_bit`, na gama-gari yake ara daga `include/asm-generic/bitops/atomic.h`, kuma a can `arch_set_bit` `unsigned int` yake karɓa. Lambar takan shiga `int` ta karkace, ta wuce ta `long` a karkace, ta isa `unsigned int` a datse mata sama ta miƙe. Kuskure biyu suka rufa wa juna asiri. Amma rufin bai wuce 2^32 ba. Na kunna bit na 4,294,967,301, sai ga shi ya bayyana a bit na 5. A nan ba a fita daga taswirar ba ko kaɗan, don haka shingena bai gani ba, KASAN, mai kama rubutu a wajen iyaka, ma ba abin da zai ce, tunda adireshin da aka rubuta halastacce ne. Sai da na ƙara wa gwajin ƙidaya: bayan kunna bit ɗaya, a nemo shi da `find_first_bit`, a tabbatar shi ne wanda aka nema.

Faci na uku ke nan, na fayil ɗin gama-gari da ɗan'uwansa `lock.h`.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na zaci da facin nan uku na ci rabin aiki. Yau na gane cewa ba a nan gizo ke saƙar ba.

A cikin gwajina na rubuta `for_each_set_bit` a kan taswira mai bit 2^32 cif, kuma bisa sabo na ba maƙidayin nau'in `unsigned int`, kamar yadda ake yi ko'ina a kanel. Bayan daƙiƙa ashirin da 'yan kai sai mai gadin kanel ya yi ihu cewa wata kwakwalwa (CPU) ta maƙale. Ga yadda abin yake: in `find_next_bit` bai sami komai ba, tsawon taswirar yake dawowa da shi, 4,294,967,296. Wannan lamba in ta shiga `unsigned int` sifili take zama. Sifili bai kai tsawon ba, sai a sake zagayowa, haka har illa masha Allahu. `find_next_bit` bai yi laifin komai ba, kuma babu abin da zan gyara a `lib/` da zai hana wannan. Nau'in maƙidayin a hannun mai kira yake.

Masu kira kuwa dubbai ne. Na kunna gargaɗin clang mai nuna inda aka datse lamba daga bit 64 zuwa 32, `-Wshorten-64-to-32`, ya zubo mini da layuka fiye da yadda mutum zai karanta, kuma kusan dukkansu ba laifi ba ne: taswirar kwakwalwan injin, taswirar layukan katsewa, abubuwan da ba za su taɓa yin girma ba. Sai na koma Coccinelle, manhajar binciken rubutun shiri, na rubuta ƙa'ida mai neman wuraren da taswirar ta fito daga dangin `vmalloc` sannan aka zagaye ta da maƙidayi mai bit 32. Jerin ya ragu zuwa abin da zan iya bi ɗaya bayan ɗaya.

Na kuma duba nauyin faɗaɗawar da `scripts/bloat-o-meter`, tunda tambayar farko da za a yi ke nan. A x86 umarni mai aiki da bit 64 yana buƙatar ƙarin bayit guda a gabansa, amma a wasu wuraren umarnin da ke faɗaɗa `int` zuwa `long` yakan ɓace gaba ɗaya. Wasu ayyukan sun ɗan ƙaru, wasu sun ɗan ragu. Na facin `le.h` bai taka kara ya karya ba. Na dangin `bitmap_` baki ɗaya ne ya fi taɓa wurare, saboda yawancinsu ana shigar da su ne a jikin mai kira.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na nuna wa wani babba a wurin aikinmu, wanda ya riga ni shiga harkar nan da shekaru masu yawa. Ya karanta facin uku a natse, ya cire tabarau ya ce, "Aikin ya yi kyau. Amma faɗa mini, wa yake jiran sa?"

Na ce, "Malam, injina masu TiB goma sha wani abu suna nan ana sayarwa, masu manyan rumbunan bayanai suna saye."

Ya ce, "Suna nan. To me ya hana su raba ma'adanar gurbi biyu ko uku? Kai da bakinka ka ce haka s390x ke yi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ya ƙara da wadda ta fi ta. Ko an cire katangar, taswira ba ita ce hanyar da ta dace da baƙo mai wannan girma ba. Duk zagayen ƙaura sai an kwafe taswirar baki ɗaya zuwa QEMU, ɗaruruwan MiB, ko da shafi goma ne kawai aka taɓa. Shi ya sa aka kawo zoben shafuka a 5.11, aikin Peter Xu, inda kowace kwakwalwar baƙo ke jera lambobin shafukan da ta taɓa, nauyin ya bi yawan rubutu ba girman ma'adana ba.

Na kwana da maganar. Inda na tsaya shi ne: ya yi daidai game da KVM, amma ban yarda cewa facin ba su da amfani ba. `set_bit_le` mai rubutu a bayan taswira, da `bitmap_set` mai karɓar lambar da ba zai iya cikawa ba ya yi shiru, tarko ne da ke jiran duk wanda zai zo nan gaba, ko daga KVM yake ko daga wani sashe. KVM ya tsira ne don wani ya lura a 2010 ya kafa iyaka. Na gaba ba lallai ya lura ba. Washegari na faɗa masa haka, ya ce, "To ka rubuta wannan a bayanin facin, kada ka sayar da shi da sunan KVM." Na karɓi shawarar.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Duk da haka ina so in ga gurbi mai TiB 9 da idona, don in san me kuma ke ɓoye a bayan iyakar. Na ɗaga `KVM_MEM_MAX_NR_PAGES` a reshena, na rubuta ƙaramin shiri bisa tsarin `dirty_log_test` da ke cikin gwaje-gwajen KVM. Samun TiB 9 a kwamfuta mai GiB 16 ba wuya: `mmap` da `MAP_NORESERVE` yana ba da adireshi ne kawai, ba a cin RAM sai shafin da aka taɓa.

KVM ya ƙi, ya dawo da `EINVAL`. Na bi sawu har `kvm_mmu_max_gfn`, sannan na duba `/proc/cpuinfo`: adireshin zahiri bit 39. GiB 512 ke nan, iyakar abin da kwakwalwar kwamfutata za ta iya nunawa, kuma KVM ba ya yarda a ba baƙo adireshin da mai masauki ba zai iya kaiwa ba. Sai an sami saba. Malam ya ce zai ba ni aron ɗaya daga cikin na gwaji ranar Asabar, mai bit 46.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gurbin ya buɗe. Shafi 2,415,919,104, taswira MiB 288, kuma KVM yana ɗaukar ninki biyu don rabi na biyun ya zama wurin kwafe, MiB 576 ke nan. Wani abin lura: da tsohon tsarin kula da shafuka ne, da kowane shafi ya ci bayit 8 na taswirar komawa baya (mai nuna inda aka ɗora kowane shafi), GiB 18 tun baƙo bai motsa ba. Tun 5.14 ba a ɗaukar wannan sai an buƙace shi, amma ranar da baƙon ya saukar da nasa baƙon a cikinsa, buƙatar za ta taso.

Na sa baƙon ya rubuta a shafi biyu, ɗaya kusa da farko, ɗaya bayan TiB 8. Na karɓo taswira da `KVM_GET_DIRTY_LOG`, bit biyu a kunne, kowanne a mazauninsa. Na ji daɗi ƙwarai. Na sa ya sake rubutu a shafukan nan biyu, na sake karɓa. Bit ɗaya. Na nesan bai fito ba.

Sai da la'asar na gano bakin zaren, a `kvm_get_dirty_log_protect` cikin `virt/kvm/kvm_main.c`. Ana bin taswirar kalma-kalma da `int i`, wanda ya isa ƙidaya kalmomin sarai. Amma a tsakiyar zagayen akwai `offset = i * BITS_PER_LONG`. Shi `offset` bit 64 ne, sai dai ninkawar a cikin `int` ake yin ta kafin a zuba masa, ta tumbatsa a daidai shafi na 2^31. Sakamakon haka an share bit ɗin, an miƙa wa shirina, amma da aka zo sake ɗana wa shafin tarko sai aka ɗana a wani adireshi daban. Rubutu na biyu ya wuce ba wanda ya gani. Babu aikin bit ko ɗaya a wannan layi. Coccinelle ɗina ma bai kama shi ba, don ba `for_each_set_bit` aka yi amfani da shi ba.

Da na mayar da `i` zuwa `unsigned long`, zagaye na biyu da na uku suka fito daidai. Kafin in mayar da sabar na duba gaba. `KVM_CLEAR_DIRTY_LOG` yana da `num_pages` mai bit 32, kuma wannan yarjejeniya ce da shirye-shiryen waje, ba a taɓa ta. Amma tunda `first_page` bit 64 ne, ana iya sharewa kashi-kashi. Katanga ta gaba ita ce `copy_to_user`, wanda ba ya kwafar abin da ya wuce `INT_MAX` a kira ɗaya: taswirar GiB 2, gurbi mai TiB 64.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ga yadda jerin ya tsaya. Faci huɗu: `le.h`, `__bitmap_set` da `__bitmap_clear` tare da na wajensu, fayilolin gama-gari da arm64 ke amfani da su, sai gwajin da ke da shinge, wanda na mayar cikin `lib/test_bitmap.c` na kuma sa ya tsallake kansa in RAM ba ta isa ba ko injin mai bit 32 ne. Sauran dangin `bitmap_` na bar su a `unsigned int` yanzu. Faɗaɗa su duka zai taɓa wurare da yawa ba tare da akwai mai buƙata a hannu ba, kuma ban ga hujjar da zan kare shi da ita ba.

`KVM_MEM_MAX_NR_PAGES` ban taɓa shi ba a jerin da zan tura. Gwajin rana ɗaya a x86 ya tono mini wuri ɗaya. Ban bi hanyar arm64 da s390 da powerpc da riscv a cikin KVM ba, kuma kowannensu yana da nasa hanyar kula da shafukan da aka taɓa. Gyaran `int i` zai tafi shi kaɗai zuwa masu kula da KVM, tare da gyaran bayanin da ke saman lambar, ya ambaci wuraren da na gano da sunansu maimakon ya ce "wasu".

`checkpatch.pl` ya wuce. `get_maintainer.pl` ya nuna Yury Norov da Rasmus Villemoes a ɓangaren taswira, da Arnd Bergmann a fayilolin gama-gari. Ana tsakiyar zagayen gwajin 6.14, zan sake ɗora jerin a kan sabon reshe gobe in Allah ya kai mu, in sake gudanar da gwajin a x86 da arm64 da s390x, sannan in gyara bayanin faci na biyu, wanda har yanzu bai fayyace dalilin canza sharaɗin zagayen yadda nake so ba.